Wace Hular Kwano Sabon Mai Babur Zai Saya: Rufaffiya, Buɗaɗɗiya, Mai Ɗagawa Ko Rabin Kwano?

Ranar da ƙanena ya fito da sabon Boxer ɗinsa daga shago, ko ledar kujera ba a ɓare ba, mai shagon ya miƙo masa hular kwano a matsayin gyara. Ja ce, tana ta sheƙi, sakayau da ita. Na karɓa na matse ta tsakanin tafukana, sai ga gefe da gefe suna neman haɗewa. Na leƙa ciki, ba komai sai siririn soso irin na katifa da ɗan ƙyalle. Na ce masa mu biya mu nemi ta ƙwarai kafin mu koma gida. Ya ce, "Yaya, mashin da lamba sun cinye kuɗin, ka bari in ga ƙarshen wata." Na yi shiru, kuma har yau shirun nan yana damuna.

Bai ga ƙarshen watan lafiya ba. Wata yamma, a wata kwana da ruwan sama ya tara wa yashi, akuya ta gitta masa, ya damƙe birkin gaba, taya ta zame. Ba gudu yake yi ba, waɗanda suka ɗaga shi sun ce ko mai keke zai iya jerawa da shi. Hular ta yi nata wuri tun kafin ya kai ƙasa, domin ƙugiyar robar da ke riƙe da igiyar ta ɓalle. Da haɓa ya sauka. Aka yi masa ɗinki, haƙora biyu suka tafi, ya yi makonni ba ya iya cin komai sai kunu da koko. Allah ya taƙaita, ƙwaƙwalwa ba ta taɓu ba.

Abin da ya same shi ba baƙo ba ne. A 1981 wani malamin jami'a a Amurka, Harry Hurt, ya fitar da rahoton binciken haɗurran babur 900 a yankin Los Angeles. Ya gano cewa fiye da rabin mahayan ba su kai wata biyar da fara hawan babur ɗin da suka faɗi da shi ba, kuma kashi 92 cikin 100 ba su taɓa shiga makarantar koyon tuƙi ba, da kansu suka koya ko a hannun 'yan'uwa da abokai. Matsakaicin gudunsu lokacin da suka yi karon bai wuce kilomita 35 a awa ba. Ƙasar daban ce, zamanin ma daban, amma duk wanda ya koyi mashin a filin makarantar firamare da yamma ya san labarinmu ne. Watannin farko su ne mafi haɗari, su ne kuma watannin da aljihu ya fi bushewa. Shi ya sa zaɓin hula yake da wuya.

Abin da za mu auna kowace hula da shi

Na farko shi ne kariya, ita kuma kashi biyu ce: abin da ke cikin hular, da inda ta rufe. Mutane suna ƙwanƙwasa bayan hula su ji tauri su ce mai kyau ce. Ɓawon waje aikinsa ya hana tsini huda kai, ya baza ƙarfin bugu, ya sa kai ya sulale a kwalta maimakon ya cije. Amma mai ceton ƙwaƙwalwa yana ciki: wani farin soso mai tauri, ɗan'uwan wanda ake tokare firij ko talabijin da shi a kwali, sai dai ya fi shi matsewa. Idan kai ya bugi ƙasa, ƙoƙon kai yana tsayawa nan take, ƙwaƙwalwa kuwa tana ci gaba da tafiya ta daki ƙashi daga ciki. Farin soson nan yana murƙushewa a hankali, ya sa tsayawar ta zama da sauƙi. Hular da ba ta da shi, kwano ce kawai. A shekarun baya Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana kawo alƙaluman cewa hula mai inganci da aka ɗaure daidai tana rage haɗarin mutuwa da kashi 42 cikin 100, tana rage raunin kai da kashi 69 cikin 100. Ka lura da sharaɗin biyu: mai inganci, kuma an ɗaure.

Na biyu shi ne shaida, wato ko an taɓa gwada irin wannan hular a ɗakin gwaji. Tambari uku za ka fi cin karo da su. Na Turai, ECE 22.05 ko sabonsa ECE 22.06, ba a manna shi a baya kawai, ana ɗinka shi a jikin igiyar haɓa: da'ira da harafin E da lambar ƙasar da ta amince da hular (E1 Jamus, E2 Faransa, E3 Italiya, E9 Sifen), sai doguwar lamba da ta fara da 05 ko 06, sai harafi. P na nufin an gwada haɓar kuma tana karewa, J na nufin hular ba ta da haɓa, NP na nufin akwai haɓa amma ba ta kariya ba ce. Na Indiya shi ne ISI, da lambar IS 4151 a samansa, kuma shi za ka gani a hulunan kamfanoni irin su Studds da Steelbird da Vega. Na Amurka shi ne DOT, wanda kamfani ne da kansa yake shaidar cewa hularsa ta cika sharaɗi, kuma sitikarsa ta fi kowace sauƙin jabu. Sitikar DOT ita kaɗai a bayan hula mai arha ba ta gamsar da ni.

Na uku shi ne zafi. Masu rubutu daga ƙasashen sanyi ba su cika damuwa da shi ba, mu kuwa dole. Wanda ya tsaya a danja a Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ya san cewa hular da ta dafa kai za ta ƙare a rataye a hannun babur. Ga kuma ƙurar hunturu da ƙwarin damina.

Sauran ma'aunan su ne yadda hular take zama a kai, yadda ake gani da ji a cikinta, kuɗinta, da tsawon ranta, har da ko za a samu gilashin canji idan nata ya karce.

Rufaffiya, mai haɗe da haɓa

Wannan ita ce mai rufe kai da ƙeya da kunnuwa da muƙamuƙi gaba ɗaya, ɓawonta guda ne, sai taga mai gilashi a gaba. Hujjarta mafi ƙarfi tana haɓa. Wani mai binciken haɗurra a birnin Hannover na Jamus, Dietmar Otte, ya bi diddigin inda huluna suke buguwa a haɗari, ya samu cewa wajen kashi ɗaya cikin uku a yankin haɓa ne. Dalilin a fili yake: babur gaba yake tafiya, in ya tsaya ba shiri mahayi gaba zai yi, fuska ce a kan gaba. Da wannan hula ce a kan ƙanena, kuma a ɗaure, da wataƙila ya tashi ya kaɗe rigarsa.

Ta fi kowace ƙarko, don ba ta da gaɓar da za ta saki, sai gilashi kawai. Mai kyau takan yi nauyin kilo ɗaya da rabi ko ƙasa da haka kaɗan. A kan babbar hanya ba ta da na biyu: iska ba ta cika maka ido da hawaye, tsakuwar da tayar tirela ta harbo ba ta same ka, ƙara ma tana raguwa.

Aibinta zafi ne, kuma ba zan ɓoye shi ba. A cikin cunkoso, inda ba iska, gumi zai sauko maka har gira. Abin da ke raba mai daɗin sawa da mai azaba shi ne kafofin iska. Ka nemi mai kafa a haɓa, da goshi, da kuma mafita a ƙeya, sannan ka ɗaga ƙyallen ciki ka tabbata kafofin sun ratsa farin soson. Na sha ganin hula mai maɓallan iska a waje, a ciki kuwa a toshe, ado ne kawai. Ka nemi wadda ƙyallen cikinta yake cirewa a wanke. Sannan ka zaɓi fara ko mai haske. Ba ta ɗaukar rana kamar baƙa, kuma direba ya fi hango ta. Wani bincike da aka yi a New Zealand aka buga a 2004 ya nuna masu farar hula sun fi masu baƙa ƙarancin shiga haɗari da kashi 24 cikin 100.

Akwai maganganu biyu da ake yi a majalisa a kanta. Wai tana hana gani da ji, wai kuma nauyinta yana karya wuya. Ƙa'idar Turai da ta Amurka duk sun wajabta a bar wa ido fili na digiri 105 ta kowane gefe, wanda ya ishi mai tuƙi, kuma hon da jiniya suna shiga sarai. Batun wuya kuwa bincike bai gaskata shi ba. Abin da yake gaskiya shi ne rufe fuska yana sa mutane ɗari-ɗari a wuraren da ake fama da rashin tsaro, don haka a shingen jami'ai ka rage gudu tun daga nesa ka ɗaga gilashi, in an ce ka cire ka cire. Baƙin gilashi kuma na rana ne. Bayan magariba yana makantar da kai, musamman a titin da ba fitila.

Tana da wata ƙanwa da ba a cika kula ta ba, irin ta masu tseren daji, mai dogon baki da rumfa a goshi, wadda ake haɗawa da tabarau mai roba. Tana da haɓa, iska kuma tana ratsa ta sosai. Ga mai bin hanyar burji zuwa gona ko kasuwar ƙauye ta dace ƙwarai. A kan kwalta da gudu ne rumfar take kama iska tana jan kai baya.

Kuɗin rufaffiya ya fi na buɗaɗɗiya in kamfani ɗaya ne ya yi su, amma tazarar ba ta kai kuɗin dashen haƙori ɗaya ba.

Buɗaɗɗiya, mai barin fuska a waje

Ta rufe kai da kunnuwa da ƙeya, ta bar fuska, wani lokaci da dogon gilashi da ke saukowa har haɓa. Kada gilashin nan ya ruɗe ka. Na tare ƙura da ƙwari ne, ba ya tare kwalta.

Ina ganin dalilin da ya sa ake son ta, kuma dalili ne mai ƙarfi. Iska tana shiga, ba nauyi, ana magana da fasinja, ana shan ruwa, ana gaisawa da mutane ba tare da an cire ta ba. Mai tabarau ba ya wahala. Wanda aikinsa tsayawa ne kowane minti biyar, kamar mai kai saƙo ko ɗan acaɓa a garuruwan da ba a hana ba, ko ɗan kabu-kabu a Maraɗi da Damagaram, zai iya wuni da ita a kai. In tana da farin soso mai kauri da tambari na gaskiya, ƙwaƙwalwa ta samu kariya mai kyau, kuma ƙwaƙwalwa ita ce ba ta da madadi. Farashinta ya fi sauƙi cikin hulunan ƙwarai, ƙarkonta ba laifi.

Abin da ka sayar a madadin wannan sauƙi shi ne haɓa, da haƙora, da hanci, da muƙamuƙi. Karayar muƙamuƙi ba ƙaramar jinya ba ce, sau da yawa sai an ɗaure baki da waya na makonni. Wani abu kuma, buɗaɗɗiya ta fi saurin ficewa idan igiya ta yi sako-sako, don babu haɓar da za ta tokare. Wanda ya zaɓe ta, ɗaurin igiya ya zama masa kamar saka makulli: ba a tada mashin sai an yi shi.

Mai ɗaga haɓa

An yi ta ne don a haɗa amfanin biyun farko. Gabanta yana ɗagawa sama da maɓalli, in ka sauke ya kulle ta zama kamar rufaffiya. A shinge, a gidan mai, a bakin masallaci, ɗagawa ɗaya ta wadatar.

Amma ta fi duka tsada, ta fi duka nauyi, kuma tana da gaɓa da makulli, su kuwa ba sa shiri da ƙurarmu. Ƙa'idarta ita ce a tuƙa da haɓar a sauke, sai fa wadda aka rubuta wa P/J a igiya, ita ce aka gwada ta a buɗe da a rufe. Abin da nake gani a titi akasin haka ne: an ɗaga haɓa saboda zafi an bar ta a sama, ta zama buɗaɗɗiya mai ƙarin nauyi a goshi. Jabun wannan nau'in kuma ya fi kowane jabu muni, don makullin roba ne, bugu ɗaya zai buɗe, kai kuwa ka saki jiki kana zaton fuskarka a rufe take. In za ka saye ta, ka duba makullin ya zama na ƙarfe, ka kulle ka ja da ƙarfi ka ji. Ga sabon mahayi mai lissafin kuɗi, ban cika ba da shawararta ba. Kuɗin mai ɗagawa ta tsaka-tsaki zai sayi rufaffiya mai kyau sosai.

Rabin kwano, hular gyara da hular masu gini

Ranar 1 ga Janairun 2009 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta sa hular kwano ga mai babur da fasinjansa a Najeriya. A makonnin farko an ga masu babur a Kano sun kifa ƙwarya a ka, labarin har ya zagaya duniya. Ƙwaryar ta wuce, amma tunanin da ya haife ta yana nan: hula abin nuna wa jami'i ce. Wannan rukuni na huɗu a kan wannan tunani yake cin kasuwa.

Rabin kwano saman kai kawai ya rufe. Ya bar ƙeya, ya bar gefen kai kusa da kunne inda ƙashi ya fi siranta kuma jijiyar jini take bi ta ƙarƙashinsa. Akwai na gaske da suka cika sharaɗin Amurka, amma yawancin waɗanda na taɓa a kasuwanninmu ba su da farin soso sam. Hular masu gini, mai launin ɗorawa ko fari, an yi ta ne don bulo ko guduma da za su faɗo daga sama, ba don mutum ya faɗi da gudu ba, kuma ba a yi igiyarta don ta riƙe kai a haɗari ba. Arharsu ita ce kaɗai abin yabonsu. Rana tana busar da robarsu ta tsage cikin ɗan lokaci. Ban sa su a nan don a zaɓa ba, na sa su ne don a gane su.

| Ma'auni | Rufaffiya | Buɗaɗɗiya | Mai ɗagawa | Rabin kwano da hular gini |
|---|---|---|---|---|
| Kariyar ƙwaƙwalwa | Mafi kyau | Mai kyau | Mai kyau | Kaɗan ko babu |
| Kariyar fuska da haɓa | Cikakkiya | Babu | Akwai, in an sauke an kulle | Babu |
| Zafi | Da yawa a cunkoso | Kaɗan | Matsakaici | Kaɗan |
| Ƙura da ƙwari | Tana tarewa | Sai da gilashi | Tana tarewa | Ba ta tarewa |
| Nauyi | Matsakaici | Mara nauyi | Mafi nauyi | Sakayau |
| Farashi | Matsakaici zuwa sama | Mafi sauƙi cikin na ƙwarai | Mafi tsada | Mafi arha |
| Ƙarko | Mafi daɗewa | Mai kyau | Gaɓa da makulli kan gaji | Gajere |
| Babban haɗarinta | A cire ta saboda zafi | Karayar muƙamuƙi, ficewa | Jabun makulli, tuƙi a buɗe | Sakin jiki ba kariya |

Sabuwa ko ta gwanjo?

Nan ne mutane da yawa suke rikicewa, don a gwanjo za ka ga hular babban kamfani da kuɗin sabuwa ta ƙaramin kamfani. Matsalar ita ce farin soson nan sau ɗaya yake aiki. In ya murƙushe ba ya dawowa, kuma ɓawon waje yana iya zama sumul alhali ciki ya gama. Ba ka san abin da ya raba hular da mai ita na farko ba. Kamfanoni da yawa suna cewa a canja hula bayan kamar shekara biyar ana amfani da ita, kuma akan samu ranar ƙira a takarda ƙarƙashin ƙyallen ciki. Ni dai sabuwa mai tambarin ISI na gaskiya ta fi kwanta mini a rai da ta gwanjo mai babban suna. In dole sai gwanjon, ka cire ƙyallen gaba ɗaya ka bi farin soson da yatsa. Tsagewa, loɓawa, ko wurin da ya yi laushi, ka ajiye ta.

Minti goma a shago

Kafin ka fita, ka ari tef ɗin tela ka auna kanka ta saman gira. Yawanci santimita 55 zuwa 56 shi ne S, 57 zuwa 58 M, 59 zuwa 60 L, 61 zuwa 62 XL. A shagon ka ɗaga hular ka ji nauyi, ka matse gefunanta, ka ɗaga ƙyalle ka ga farin soso ya kai kaurin santimita biyu da rabi ko kusa. Ka duba igiya, da ƙusar ƙarfe aka kafe ta a ɓawo ko manna ta aka yi? Maɗauri mai zobba biyu na ƙarfe ko mai haƙora na ƙarfe shi ne abin nema. Mai shago zai ce maka, "Alhaji, wannan orijina ce." Ka amsa masa da fara'a, ka ci gaba da dubawa.

Sai ka sa. Sabuwar hula ya kamata ta ɗan matse kumatu, don za ta saki da amfani. Ka girgiza kai, in hular tana yawo ita kaɗai ta yi girma. Ka ɗaure igiya yadda yatsa biyu ne kawai za su shiga, ka sa hannu ta ƙeya ka turo ta gaba da ƙarfi. In ta fice a shago, za ta fice a titi. Ka bar ta a kai na ɗan lokaci ka ji ko akwai inda take cizo a goshi. Ka tambayi gilashin canji tun a ranar.

Kada ka auna da kube ko zanna a kai, kuma kada ka sa hular kwano a kansu. Ka naɗe hularka a leda, in ka isa ka sa. Mace ta auna da siririn ɗankwali ko hijabin da za ta riƙa sawa, ba da gwaggwaro ko fil a gashi ba, ta kuma tattare bakin hijabin ta zauna a kai don kada taya ko sarƙa ta ja shi. Haka mai babbar riga.

Bayan an saya, kada a rataye ta a kan madubi, yana loɓa soson daga ciki. Kada fetur ya taɓa ta, domin fetur narkar da farin soso yake yi, kuma kada a yi mata fenti. Ruwa da sabulu sun isa. Duk ranar da kai ya bugi ƙasa da ita, aikinta ya ƙare ko da ba ta nuna ba.

Inda hula ta tsaya

Gwajin ECE 22.05 ana yin sa ne da bugun da bai wuce gudun kilomita 27 a awa ba. Karo da bango ko mota a gudun kilomita 50 daidai yake da faɗowa daga tsayin kusan mita 10, wato bene mai hawa uku. Hula ba lasisin gudu ba ce. Rahoton Hurt ya nuna haɗarin da ya fi yawa tsakanin mota da babur shi ne mota ta shiga gaban babur a mahaɗar hanya direban bai gan shi ba, kuma mahayi yakan samu ƙasa da daƙiƙa biyu ne ya yi wani abu. Don haka ka kunna fitila ko da rana, ka sassauta a kowace mahaɗa, kada ka laɓe a gefen tirela ko bayan Adaidaita Sahu. Ka je fili ka koyi taka birki biyu tare, na gaba a matse shi a hankali ba a damƙe ba, kuma a gama rage gudu kafin a shiga kwana. Ka sa takalmi rufaffe, silifa ba ta tsira da yatsu. Ka jinkirta goyo har hannunka ya faɗa.

In ka tarar da wanda ya faɗi, kada a fizge masa hula sai in ba ya numfashi ko yana amai, kada kuma a ɗauke shi ana lanƙwasa wuya. Lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ita ce 122. Wanda ya bugu a ka ya tashi yana cewa lafiya lau, a kai shi asibiti duk da haka. Jini yana iya taruwa a cikin kai a hankali, sai bayan awanni a ga amai, ciwon kai mai tsanani, ruɗewa ko barcin da ba a iya tashinsa.

Wace ce taka?

In yanzu ka fara hawa, ko kana bin babbar hanya irin ta Kano zuwa Zariya, ko kana fita da asuba da dare, ka sayi rufaffiya, fara, mai kafofin iska na gaske da farin gilashi. Ita nake saya wa duk wanda ya rataya a wuyana, ita ce kuma a kan ƙanena yanzu.

In wuninka a cikin gari yake, tsayawa da tashi, kuma ka san ranka cewa rufaffiya za ta ƙare a hannun babur, ka sayi buɗaɗɗiya mai tambari da dogon gilashi, ka ɗaure ta kullum, ka kuma san cewa haɓarka a waje take. In hanyarka burji ce da ƙura, irin ta masu tseren daji da tabaranta ta fi dacewa. In kana da hali, kana doguwar tafiya mai yawan shinge, ko tabarau ya zame maka dole, mai ɗagawa ta sanannen kamfani za ta yi, da sharaɗin haɓa a sauke muddin taya tana juyawa.

In kuɗinka bai kai ko ɗaya cikin waɗannan ba, ka bar kwalliyar mashin, ka bar sabon hon da fitilun ado, ka nemi buɗaɗɗiya mafi sauƙi da ke da farin soso da igiya mai ƙusar ƙarfe. In kuma kana ɗaukar iyali ko yaro zuwa makaranta, lissafinka hula biyu ne, kuma ta yaron a auna kansa a sayo daidai shi, ba a kifa masa taka ba.